Wane fim aka fi shiga kallo a silima, in kawuna za a ƙirga ba kuɗi ba?

Ɗan Ƙofar Mata

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da tambaya ga masana harkar fim na wannan zaure. Duk jerin manyan fina-finan duniya da ake fitarwa, Avatar ne a sama da dala biliyan 2.9, Avengers: Endgame na biye da shi. To amma wannan ai lissafin kuɗi ne, kuma tikitin yau ba farashinsa ɗaya da na shekara hamsin baya ba. In mutane za a ƙirga, wato yawan tikitin da aka yanka a ƙofa, wane fim ne a gaba? Ta yaya ma ake gano adadin, tunda wasu fina-finan sun fito tun ba a san kwamfuta ba? Sannan ina matsayin na Indiya irin su Sholay? Allah ya ƙara sani.

Mai Majigi

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Amsar da za ka fi ji ita ce Gone with the Wind na 1939, kuma in kasuwar Amurka da Kanada ake nufi, amsar ta zauna. Ƙiyasin da ake kawowa shi ne tikiti wajen miliyan 200. Star Wars na 1977 na biye da wajen miliyan 178, sai The Sound of Music na 1965 da E.T. na 1982 kowanne a kusa da miliyan 142, sai Titanic, The Ten Commandments na 1956 da Jaws na 1975, duk ukun tsakanin miliyan 128 da 135. Avatar da Endgame ko cikin goman farko ba su shiga ba.

Sai dai ka riƙe kalmar ƙiyasi da kyau, don nan gizo ke saƙa. Amurkawa ba sa sanar da yawan tikitin kowane fim, kuɗi suke sanarwa. Saboda haka rabawa ake yi. Ka ɗauki kuɗin da fim ya tara a shekara, ka raba da matsakaicin farashin tikiti na wannan shekarar, wanda ƙungiyar masu gidajen silima ke fitarwa. A 1939 farashin yana wajen senti 23, a 1977 dala 2.23, a 1998 dala 4.69, a 2009 dala 7.50, a 2019 dala 9.16.

Gwada da kanka. Titanic ya fito a Disambar 1997, amma yawancin kuɗinsa a 1998 ya shigo. Fitowar farko ta tara dala miliyan 600 a can. Raba da 4.69, za ka samu tikiti wajen miliyan 128. Endgame ya tara dala miliyan 858, wato ya fi Titanic kuɗi nesa ba kusa ba, amma in ka raba da 9.16 za ka tsaya a ƙasa da miliyan 94. Ka ga wanda ya fi kuɗi an ba shi ratar mutum fiye da miliyan 30.

Inda lissafin ke kwaɓewa shi ne, matsakaicin farashi ba shi ne farashin da masu kallon wannan fim ɗin suka biya ba. Avatar ya tara wajen dala miliyan 750 a Amurka da Kanada a fitowar farko. In ka raba da 7.50 ka samu miliyan 100 cif. Amma mafi yawan masu kallonsa da tabarau suka kalla, a 3D ko IMAX mai ƙaton allo, kuma waɗannan suna da ƙarin kuɗi a kan tikiti. A ce abin da suka biya ya kai dala 10 kowanne, sai adadin ya faɗo miliyan 75. Mutum miliyan 25 sun ɓace saboda lamba ɗaya da aka canza. Gone with the Wind ma matsalarsa ke nan. Da ya fito ba a sake shi ko'ina ba, a zaɓaɓɓun silimu aka fara nuna shi da kujerun da ake kamawa tun kafin ranar, tikitin yana haura dala ɗaya. Wanda ya raba kuɗin wannan lokacin da senti 23 ya ninka 'yan kallo wajen sau huɗu ke nan. Fina-finan yara kuwa akasin haka ne: tikitin yaro da na kallon rana suna ƙasa da matsakaici, don haka rabawar tana tauye musu mutane. Snow White na 1937 da ire-irensa wataƙila sun fi abin da ake rubuta musu.

Akwai kuma wani rami da mutane da yawa ke faɗawa. Tsofaffin alƙaluman da mujallar Variety ke bugawa ba kuɗin ƙofa ba ne, kason da silima ke mayar wa kamfanin da ya ba ta fim ne. A wancan zamani kason yakan kama daga kashi 30 zuwa 35 cikin ɗari, amma a kan Gone with the Wind kamfanin MGM kashi 70 ya karɓa. Duk wanda ya ɗauki kason MGM ya ninka sau uku don ya gano kuɗin ƙofa, kamar yadda ake yi wa sauran fina-finan lokacin, ya ruɓanya gaskiyar abin sau biyu.

Sannan dole a raba kowace fitowa da farashin shekararta. An sake fito da Gone with the Wind a 1942, 1947, 1954, 1961, 1967 da bayan nan har zuwa 1998. Miliyan 200 ɗin jimillar duk waɗannan ce. A shekara huɗun farko kaɗai, ƙiyasin wajen miliyan 60 ne. Kuma ba a nuna shi a talabijin ɗin Amurka ba sai 1976, wato shekara 37 duk mai son ganinsa sai ya je silima ya biya. Disney ma haka ya riƙa yi da Snow White, kusan duk bayan shekara bakwai ko takwas a dawo da shi don sababbin yaran da suka taso. Fim ɗin yau kuwa kafin wata biyu ya shigo waya. A 1946 Amurkawa sun sayi tikiti wajen biliyan 4, a 2019 kuwa wajen biliyan 1.2, duk da yawansu ya ninka ya ɗora.

Ɗan Damagaram

Malam Mai Majigi ya kawo na Amurka tsaf. Ni abin da zan ƙara shi ne, akwai ƙasashen da ba sa buƙatar wannan rabe-raben, don kawuna suke ƙirgawa tun asali, kuma alƙalumansu sun fi na Amurka abin dogaro.

Faransa ce kan gaba. Hukumar fim ta ƙasar, CNC, wadda aka kafa a 1946, tana karɓar haraji na musamman a kan kowane tikiti, kashi 10.72 cikin ɗari, kuma da kuɗin ake tallafa wa masu shirya fim da gidajen silima. Saboda harajin, kowace silima tana miƙa takardar lissafi duk mako, makon kuma daga Laraba yake farawa don ranar ce sababbin fina-finai ke fita. Takardar tana nuna fim kaza, nuni kaza, mutum kaza, kuɗi kaza. Shi ya sa Bafaranshe ba ya cewa fim ya tara kuɗi kaza, cewa yake ya samu shiga miliyan kaza. A can Titanic ne a sama da fiye da miliyan 21, sai Bienvenue chez les Ch'tis na 2008 da miliyan 20.4, sai Intouchables na 2011 da miliyan 19.4. La Grande Vadrouille na 1966 ya samu miliyan 17.2, ya riƙe kambun fim ɗin gida fiye da shekara 40 kafin Ch'tis ya ƙwace.

A Jamus abin mamaki ne: fim ɗin zane na Disney, The Jungle Book, shi ne a sama da wajen miliyan 27 in aka haɗa duk fitowarsa, ya ba Titanic rata mai yawa. Jamusawa har lambar yabo gare su da ake ba duk fim ɗin da ya samu mutum miliyan 3 cikin wata 18. A Birtaniya cibiyar fim ta ƙasar ta fitar da nata jerin a 2004: Gone with the Wind miliyan 35, The Sound of Music miliyan 30, Snow White miliyan 28. Nasu na tsofaffin shekarun dai ƙiyasi ne kamar na Amurka. Na biyar a jerin wani fim ne na gida na 1948, Spring in Park Lane, da mutum miliyan 20.5, fim ɗin da yau ko a Ingila ba kowa ya san sunansa ba.

Koriya ta Kudu tana da tsarin kwamfuta na ƙasa da kowane tikiti ke shiga da zarar an yanka shi. Su ma'auninsu na babban fim shi ne ya haye mutum miliyan 10. The Admiral: Roaring Currents na 2014 ya samu miliyan 17.6 a ƙasa mai mutum wajen miliyan 51. Kwatanta ka gani, tikiti ɗaya ga kowane mutum uku, har da jarirai da tsofaffi a ƙirgen.

Baban Walida

Sannunku da ƙoƙari. Amma in duniya ake magana ba Turai da Amurka kaɗai ba, to ba a shiga gonar ba tukuna. Manyan tarukan 'yan kallo a tarihi suna Tarayyar Sobiyet, Indiya da Sin, kuma saboda tikitinsu mai arha ne, jerin da aka gina a kan dala ba ya ganinsu sam.

A Sobiyet gwamnati ce ke da silimun, ita ke buga kwafin fim, ita ke ƙirga masu shiga, kuma a ƙarshen shekarun 1960 zuwa na 1970 ana sayar da tikiti fiye da biliyan 4 a shekara, kowanne a kan 'yan kwabbai ƙasa da rubul ɗaya. Fim ɗinsu na gida mafi taro shi ne Pirates of the 20th Century na 1980 da miliyan 87.6, sai Moscow Does Not Believe in Tears da miliyan 84.4. Amma wanda ya doke su duka baƙo ne, fim ɗin soyayya na Meziko mai suna Yesenia, da aka nuna a can a 1975, ya ja miliyan 91.4. Wannan ya kusa kamo Endgame a Amurka. Kuma galibin alƙaluman Sobiyet na shekarar farko ta fitowar fim ne kaɗai, ba jimillar shekaru hamsin ba irin ta Gone with the Wind. Fina-finan Indiya ma sun ci kasuwa a can: Awaara na Raj Kapoor, Bobby, da Disco Dancer, kowanne ya haura miliyan 60.

Yanzu ga Sholay da ka tambaya, ɗan'uwa. Ya fito ranar 15 ga Agustan 1975, kuma a silima ɗaya ta Bombay mai suna Minerva ya yi fiye da shekara biyar ana nuna shi. Matsalar ita ce a wancan lokaci Indiyawa ba da kawuna suke auna nasara ba, da makonni suke aunawa. Fim ya yi mako 25 a silima, a yi masa bikin azurfa; ya yi mako 50, a yi na zinariya. Shi ya sa za ka ga alƙaluman Sholay na yawo, wani ya ce kaza wani ya ninka, domin kowa daga kuɗi da makonni yake komawa baya ya ƙiyasta. Kuma kuɗin ma iri biyu ne. Kafin 2017 kowace jiha tana da nata harajin nishaɗi, wata mai tsauri wata mai sauƙi, kuma 'yan kasuwar fim abin da ya rage bayan an cire haraji suke sanarwa. In ka raba wannan da farashin da ɗan kallo ya biya a taga, wanda harajin ke ciki, ka zubar da ɗimbin mutane. Ƙara da ƙananan silimun karkara da ke ɓoye wani ɓangare na cinikinsu don gudun haraji, da bambancin farashi tsakanin benen sama da bencin gaba wanda kan ninka sau da yawa.

Daga shekarun 1990 lissafin ya fi daidaituwa. Hum Aapke Hain Koun na 1994 ana ba shi wajen miliyan 74, Gadar na 2001 wajen miliyan 50. Baahubali 2 na 2017, in aka haɗa harsunan da aka fitar da shi, ya haura miliyan 100 a cikin Indiya. In kana karanta alƙalumansu ka kula da kalmar crore, miliyan 10 take nufi, don haka crore 7.4 shi ne miliyan 74.

Sin kuwa zamani biyu gare ta. A farkon shekarun 1980, lokacin da Shaolin Temple na Jet Li ya fito a 1982, tikiti kashi ɗaya cikin goma na yuan ne, kuma a karkara masu majigi ne ke zagayawa ƙauye-ƙauye suna kafa farin ƙyalle a fili, jama'a su taru ba mai yanka tikiti. Alƙaluman ɗaruruwan miliyoyi da ake jingina wa fina-finan lokacin sun haɗa da irin wannan taro, don haka ba a ɗora su a sikeli ɗaya da tikitin taga. Zamanin yanzu daban ne. Ƙasar tana da allon silima fiye da dubu 80, kusan ninkin na Amurka, kusan kowa ta waya yake sayen tikiti, kuma komai na shiga kwamfutar ƙasa. Wolf Warrior 2 na 2017 ya samu wajen miliyan 160. Ne Zha 2, fim ɗin zane da ya fito ranar 29 ga Janairun 2025 a hutun sabuwar shekararsu, ya tara fiye da yuan biliyan 15 da tikiti fiye da miliyan 300 a cikin Sin kaɗai, cikin 'yan watanni. Ni a ganina wannan ne adadi mafi girma da aka ƙirga ɗaya bayan ɗaya ga fim ɗaya a ƙasa ɗaya, kuma ya wuce ƙiyasin Gone with the Wind na Amurka da rata mai faɗi.

Mai Majigi

Gaskiya ne Baban Walida, kuma na yarda da kai a kan Ne Zha 2. Abu biyu kawai zan ɗora. Na ɗaya, a riƙa duba yawan jama'ar ƙasa. Miliyan 300 a cikin mutum biliyan 1.4 ya ɗan haura kashi ɗaya cikin biyar. Miliyan 60 na Gone with the Wind a shekara huɗun farko, a Amurka mai mutum wajen miliyan 132, ya kusa rabi. Kowanne da inda ya yi zarra.

Na biyu, tikiti ba mutum ba ne. Wanda ya shiga sau biyar, sau biyar za a ƙirga shi. Titanic ya yi mako 15 a jere yana na ɗaya a Amurka, kuma masu komawa suna da babban hannu a wannan. The Sound of Music ya yi fiye da shekara huɗu a silimun Amurka a fitowar farko, irin wannan daɗewa kuwa ba ta samuwa sai da masu maimaitawa.

Mai son jimillar duniya kuma kada ya ɗauki dala biliyan 2.9 na Avatar ya raba da farashin Amurka. Ƙasa-ƙasa ake bi: inda ake ƙirga kawuna a ɗauki ƙirgen kai tsaye, inda ba a yi a raba kuɗin ƙasar, a cikin kuɗin ƙasar, da farashin ƙasar na wannan shekarar, sannan a tara. In ka fara mayar da kuɗin dala, canjin kuɗi na ranar ma zai shigo ya dagula maka lissafi.

Ɗan Ƙofar Mata

Allah ya saka muku da alheri, na ƙaru sosai. To mu nan gida fa? Mutanen da suka cika Plaza da Orion da El Dorado da Marhaba a Kano shekara da shekaru suna kallon Indiya, sun shiga wannan ƙirgen? Kuma in aka ce fim ɗin Najeriya ya kafa tarihi da naira biliyan ɗaya, hakan na nufin ya fi na baya mutane?

Baban Walida

Ba su shiga ba ɗan'uwa. Alƙaluman Indiya da na kawo, in ka cire na Sobiyet, na cikin Indiya ne kawai. Kwafin da ke zuwa ƙasashe irin namu galibi sayar da shi ake yi ga dillali a kan kuɗi dunƙule, daga nan furodusa ba ruwansa da mutum nawa suka shiga. Dillalin ya zaga da kwafin daga Kano zuwa Kaduna, Zariya, Jos, Sakkwato, a nuna, a ajiye, bayan wata shida a sake fito da shi. Cinikin ƙofa yana littafin mai silima. A shekarun 1990 silimun Kano dare biyar a mako fim ɗin Indiya suke sakawa, dare ɗaya na 'yan Sin masu faɗa, dare ɗaya na Amurka, kuma Mother India na 1957 an yi shekaru gommai ana dawo da shi ana cika. Duk wannan taro yana wajen jerin da ake bugawa, kuma haka abin yake a ƙasashe da dama na Afirka da Gabas ta Tsakiya. Wannan na cikin dalilan da ya sa nake ganin ana tauye tsofaffin fina-finan Indiya fiye da kowa a lissafin duniya.

Batun biliyan ɗaya kuwa, A Tribe Called Judah na Funke Akindele, wanda ya fito a Disambar 2023, shi ne fim ɗin Najeriya na farko da ya haye naira biliyan ɗaya a silima. The Wedding Party na 2016 ya tsaya a wajen naira miliyan 450. Kafin ka ce wancan ya ninka wannan a mutane, sai ka tuna yadda farashin tikiti ya tashi a cikin shekara bakwai ɗin da ke tsakaninsu. Ɗauki misali kawai: fim ya tara miliyan 450 a kan tikitin naira 1,500, mutum dubu 300 ke nan, wani ya tara biliyan ɗaya a kan tikitin naira 4,000, mutum dubu 250 ke nan. Ƙungiyar masu gidajen silima ta Najeriya tana fitar da rahoton ciniki, kuma a wasu rahotannin akan haɗa da yawan masu shiga kusa da kuɗin. Wannan layin za ka nema. In bai zo ba, ka nemi farashin tikiti na watan da fim ɗin ya fito, ka tuna na Disamba da ƙarshen mako ya fi na tsakiyar mako tsada, na Lekki a Legas kuma ya fi na yawancin garuruwa, sannan ka raba.